Tsakanin Tuhuma da Hukunci a Tseren Keke

Daga cikin wasannin da Turawa suka mayar sana'a, da wuya a sami wanda ya kai tseren keke gajiyar da jiki, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi yawan shari'a, gama mutumin da zai yi mako uku bisa sirdi, ya ci kilomita fiye da 3,000 a tseren Tour de France, yana hawan duwatsun Alps da Pyrenees cikin rana da ruwa, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta raya masa ya nemi agajin likita, ba kuma abin mamaki ba ne hukuma ta sa masa ido. Haramcin maganin ƙara kuzari an daɗe da yin ittifaƙi a kansa, babu mai jayayya. Mas'alar da ta ƙi warwaruwa ita ce halin mahayin da aka tuhuma amma ba a kai ga yanke masa hukunci ba, shin a bar shi ya shiga tsere ko a hana shi, in kuma za a hana, wane ne ke da ikon hanawa, da wace irin hujja.

Tushen wahalar shi ne tsere yana da rana tsayayya, ita kuwa shari'a ba ta da rana. In aka hana mahayi hawa a watan Yuli, daga baya aka tarar ba shi da laifi, babu alƙalin da zai iya mayar masa da wannan Yulin, alhali kuwa shekarun ƙarfin mahayi ƙidayayyu ne. In kuma aka bar shi ya hau ya ci, sa'an nan laifi ya tabbata, to ana iya kankare sunansa daga littafi a rubuta na mai bi masa, amma tseren da aka yi an riga an yi shi, da shi aka auna gudu, dominsa waɗansu suka kashe ƙarfinsu a kan dutse, kuma wanda aka aika wa kambi bayan shekara biyu bai tsaya gaban jama'a a birnin Paris ba.

Masu iko a cikin wannan al'amari suna da yawa, kuma yawan nasu wani ɓangare ne na cutar. Akwai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai mazauni a Aigle ta ƙasar Suwizalan, wadda ke shimfiɗa dokokin wasa. Akwai hukumomin ƙasashe, masu ba mahayi lasisi, waɗanda a da su ne ke fara sauraren shari'ar ɗan ƙasarsu. Akwai hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, da aka kafa a 1999, wadda kundin dokokinta ya fara aiki a 2004, da kotun ƙararrakin wasanni ta Lausanne, inda ake ɗaukaka ƙara. Bayan waɗannan ga masu shirya tsere, irin su kamfanin ASO mai Tour de France, ga ƙungiyoyin da ke biyan mahaya albashi, ga kuma 'yan sanda da kotunan gwamnati, waɗanda babu ruwansu da ranar da za a tashi tsere. Dokar da suke aiki da ita kuwa ta saɓa wa abin da muka saba ji a zauren malaman fiƙihu, inda nauyin kawo hujja ke kan mai da'awa. A nan, da zarar an sami haramtaccen abu a fitsarin mahayi ko jininsa, gwajin kwalba ta biyu ta abin da aka ɗiba kuma ya gaskata na farko, laifi ya tabbata ko da niyya ko babu, sai ya zama shi ne zai bayyana ta inda abin ya shiga jikinsa in yana son sassauci. Horon da aka saba shi ne dakatarwar shekara biyu, tun daga 2015 kuwa aka mayar da shi huɗu ga wanda ya yi da gangan.

Faransa ta kafa dokar hana shan ƙwaya a wasanni a 1965, aka fara gwaji a Tour a 1966, mahaya suka sauka daga kekuna suka taka a ƙasa don nuna fushi, shekara guda bayan haka kuma Tom Simpson na Ingila ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux da ƙwayar amfetamin a jikinsa. Amma abin da ya canza fuskar mas'alar shi ne EPO, wato maganin da aka ƙera don masu ciwon ƙoda, mai sa ɓargo ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa su ne ke kai iska ga tsoka. Shekaru kusan goma ana amfani da shi babu gwajin da ke gane shi, har sai a 2000. Da hukumar UCI ta rasa yadda za ta yi, sai a 1997 ta ƙirƙiro wata hila, ta ce duk mahayin da jajayen ƙwayoyi suka wuce kashi 50 cikin ɗari na jininsa, ba a ce ya yi laifi ba, an dai ce lafiyarsa ba ta yarda ya hau keke ba, ya je ya huta mako biyu. Da wannan ƙa'ida aka fitar da Marco Pantani daga tseren Giro na Italiya a watan Yunin 1999, a Madonna di Campiglio, yana kan gaba saura kwana biyu a gama. A takarda an ba shi hutun jinya ne kurum, a idon duniya kuwa an yanke masa hukunci, kuma bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a 2004. Tun daga nan aka buɗe ƙofar hana mutum tsere ba tare da an tuhume shi a fili ba, ƙofar da har yau ba a rufe ba.

Abin lura kuma, manyan asirai na wannan wasa ba ɗakin gwaji ne ya tona su ba. A watan Yulin 1998 jami'an kwastan ne suka tare motar Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar Festina, a kan iyakar Beljiyam da Faransa, suka tarar da ita maƙare da magunguna, aka kori ƙungiyar daga Tour ba don wani mahayinta ya faɗi gwaji ba, sai don shugabanta ya yi iƙirari a hannun 'yan sanda. Cikin mahaya 189 da suka tashi a shekarar, 96 ne suka isa Paris.

Shari'ar da ta fi kowace nuna tsiraicin tsarin ita ce wadda 'yan sandan Sifaniya suka sa wa suna Puerto, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Mayun 2006 suka kai samame a Madrid, a wuraren wani likita mai suna Eufemiano Fuentes, suka sami jakunkunan jini kimanin 200 a cikin sanyi, kowace da laƙabi ko lamba maimakon suna. Dabarar ita ce a ɗebi jinin mahayi tun da wuri a ajiye, jikinsa ya mayar da gurbin abin da aka ɗiba, sa'an nan a tsakiyar tsere, lokacin da gajiya ta cinye shi, a mayar masa da jinin nasa, wanda babu gwajin da zai ce baƙo ne. Ana jajibirin tashin Tour a birnin Strasbourg sai jerin sunaye ya iso hannun masu shirya tsere, shugabannin ƙungiyoyi suka zauna, suka yi aiki da alkawarin da suka ƙulla a tsakaninsu na cewa ba za su sa wanda ake bincike a kansa cikin tsere ba. Aka janye Jan Ullrich na Jamus, wanda ya ci Tour a 1997, da Ivan Basso na Italiya, wanda ya gama cin Giro ke nan, da Francisco Mancebo na Sifaniya. Alexandre Vinokourov kuwa sunansa bai fito a jerin ba, amma da aka cire mutum biyar daga ƙungiyarsa sai ragowar ba su kai adadin da doka ta yarda a tashi da shi ba, shi ma ya zauna. Waɗannan huɗu su ne na biyu da na uku da na huɗu da na biyar a tseren shekarar da ta gabata. Babu alƙalin da ya saurari ko ɗayansu a wannan dare, babu kuma wanda ya faɗi gwaji, kuma cikin waɗanda guguwar ta kwashe har da wani saurayi, Alberto Contador, wanda daga baya aka ce babu abin da aka riƙe a kansa.

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a kan Ullrich da Basso zaton ya zama gaskiya, sai dai dubi tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a mayar da shi yaƙini. A ranar samamen Sifaniya ba ta da dokar da ta mayar da ba ɗan wasa ƙwaya laifin gidan yari, saboda haka abin da aka iya tuhumar likitan da shi shi ne jefa lafiyar jama'a cikin haɗari, mahaya kuwa shaidu ne kurum a wurin kotu, jakunkunan jini kuma kayan shaida ne da alƙali ya ƙi sakin su ga hukumomin wasa. Basso ya amsa a 2007 cewa jakar da aka rubuta wa Birillo, sunan karensa, tasa ce, ya ce niyya ya yi bai aikata ba, aka dakatar da shi shekara biyu. Ullrich sai a 2012 kotun Lausanne ta same shi da laifi, shekara biyar bayan ya ajiye keke. Na Alejandro Valverde, ɗan Sifaniya, ya fi ban mamaki. Hukumar ƙasarsa ba ta ga abin tuhuma ba, ya ci gaba da tsere yana ci, har sai da Tour na 2008 ya ratsa ƙasar Italiya, masu bincike na can suka ɗebi jininsa, suka gwada ƙwayoyin halittarsa da na wata jaka mai lamba 18, suka ga sun dace. Italiya ta haramta masa tsere a cikin ƙasarta kaɗai a 2009, sai ya zama halal ne ya hau keke a Faransa da Sifaniya, haram ne a ƙetaren dutse, ya rasa Tour na shekarar saboda hanya ta bi ta Italiya na 'yan sa'o'i, ya je ya ci tseren Vuelta na ƙasarsu a watan Satumba, sai a watan Mayun 2010 aka game haramcin ga duniya duka. Shi kuwa Fuentes an yanke masa ɗaurin shekara guda a 2013 tare da umarnin a lalata jakunkunan, kotun sama ta wanke shi a 2016 ta ce a miƙa jinin ga hukumomin wasa, amma a lokacin wa'adin da doka ta ba da na tuhumar ɗan wasa ya riga ya shige. Waɗanda ƙaddara ta sa ƙasarsu ko maƙwabciyarta ta nace sun sha horo, masu sauran jakunkunan kuwa sun ƙare sana'arsu lami lafiya.

Bayan wannan abin kunya ƙungiyoyi da masu shirya tsere suka shiga yanke hukunci da hannunsu. A 2007 ƙungiyar Rabobank ta kori Michael Rasmussen na Denmark yana sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa ta jagoran tsere, saura kwanaki kaɗan a isa Paris, domin ya gaya wa masu gwaji yana Mekziko alhali an gan shi yana atisaye a duwatsun Italiya. A 2008 kamfanin ASO ya ƙi gayyatar ƙungiyar Astana gaba ɗaya saboda laifin mahayanta na bara, abin da ya hana Contador kare kambinsa ko da yake bai kasance cikinta ba sa'ad da aka yi laifin. A shekarar ce kuma UCI ta fito da abin da ake kira fasfon jini, wato a riƙa auna jinin mahayi lokaci lokaci ana ajiye lissafi, in aka ga ya yi hawa da sauka irin wanda jikin ɗan Adam ba ya yi da kansa, masana uku su duba, in ra'ayinsu ya haɗu a tuhume shi ko da ba a ga maganin ba. Wannan hukunci ne da alamu, kuma ya kama mutane, amma tafiyar hawainiya yake yi: Juan José Cobo ya ci Vuelta a 2011, sai a 2019 aka karɓe ta daga hannunsa.

Shari'u biyu sun nuna ɗaya fuskar, wato abin da ke faruwa in aka bar wanda ake tuhuma ya ci gaba da hawa. A ranar hutu ta Tour na 2010, a garin Pau, aka ɗauki fitsarin Contador, ɗakin gwaji na birnin Kolon ya sami ɗigon maganin clenbuterol a ciki, ƙanƙani ƙwarai, amma abu ne da doka a lokacin ba ta yarda da ko ƙwayar zarra tasa ba. Ya ce naman sa ne da aka kawo masa daga Sifaniya, hukumar ƙasarsa ta karɓi uzurin ta wanke shi a watan Fabrairun 2011, UCI da WADA suka ɗaukaka ƙara, kafin a zauna kuwa ya je ya ci Giro na 2011. A watan Fabrairun 2012 kotun Lausanne ta ce bai tabbatar da zancen naman ba, ko da yake ita ma ba ta ce ya sha da gangan ba, ta ba shi shekara biyu da aka lissafa tun daga baya, aka ba Andy Schleck Tour na 2010, aka ba Michele Scarponi Giro na 2011. Sakamakon haka, zaman da ya yi a gida bayan hukunci bai wuce wata shida ba, ya dawo a watan Agusta ya ci Vuelta, mutanen Italiya kuwa suka gane mako ukun da suka yi suna tafi a bakin hanya sun yi wa wanda ba ya cikin lissafi ne.

Chris Froome ya bi wannan hanya amma ya fita ta wata ƙofa. A Vuelta ta 2017 aka sami salbutamol, maganin asma da aka yarda a shaƙa gwargwado, ya ninka haddin da aka yanka a fitsarinsa. Da yake irin wannan magani ba ya wajabta dakatarwa nan take, kuma bincikensa sirri ne, da ba a ji ba sai jaridun Le Monde da Guardian suka fasa ƙwan a watan Disamba. Ya hau Giro na 2018 ya ci, ASO ta yi yunƙurin hana shi Tour da hujjar kare mutuncin tserenta, sai ga shi a ranar 2 ga Yuli, kwanaki kaɗan kafin a tashi, UCI ta rufe shari'ar bisa shawarar WADA. Mai yiwuwa ne hukuncin daidai ne, gama masana sun nuna ma'aunin yana iya ruɗuwa ga mutumin da ƙishirwa ta kama. Amma kafin shi an dakatar da Alessandro Petacchi shekara guda, da Diego Ulissi wata tara, a kan wannan magani, kuma ba sai an yi wa kowa mummunan zato ba kafin a lura cewa dokar da ta ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin kawo hujja ta fi sauƙi ga mai dukiyar ɗaukar lauyoyi da masana.

Al'amarin Lance Armstrong sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Ya ci Tour sau bakwai daga 1999 zuwa 2005 yana alfahari da yawan gwajin da ya tsallake, abin da ya kayar da shi a 2012 kuwa shaidar abokan hawansa 11 ce a gaban hukumar USADA ta Amurka. Waɗanda suka ba da shaida suna kan sana'a aka ba su wata shida, shi aka haramta masa har abada, aka bar gurbin shekarun bakwai babu suna, domin an san masu bi masa ma ba tsarkaka ba ne. Rahoton kwamitin da UCI ta kafa ya fito a 2015 ya ce shugabanninta na da sun yi masa gata, har da karɓar takardar likita da aka rubuta bayan an sami maganin cortisone a jikinsa a 1999.

Sauran tambaya ita ce ta wanda ya gama horonsa, shin ya koma kamar kowa. Kotun Lausanne ta amsa da i. A 2011 ta rushe dokar kwamitin Olamfik mai hana wanda aka dakatar fiye da wata shida halartar wasannin da ke biye, a 2012 ta rushe ta Birtaniya mai hanawa har abada, hujjarta kuwa ba a horon mutum sau biyu a kan laifi guda, da haka David Millar ya hau keke a wasannin Landan. Amma abin da doka ta halatta, kasuwa na iya haramtawa. Akwai wata haɗakar ƙungiyoyi, MPCC, da aka kafa a 2007, wadda mambobinta suka ɗora wa kansu sharuɗɗa masu tsanani fiye da na hukuma, kuma da sharaɗinta ne ƙungiyar Lampre ta janye Chris Horner daga Vuelta ta 2014 yana mai riƙe da kambi, don sinadarin cortisol ya yi ƙasa a jininsa. Da irin haka ta sami Lars Boom a jajibirin Tour na 2015, ƙungiyar Astana ta sa shi ya hau, ta rabu da haɗakar. Alkawarin da ake iya warwarewa a daren da ya fara ciwo ba zai zama madogara ba.

A ganina mafi ƙarancin sharri shi ne dakatarwar wucin gadi wadda aka rubuta sharuɗɗanta tun kafin a san wanda za ta faɗa wa, wadda hukuma guda mai zaman kanta ke zartarwa, a kuma yanka mata wa'adi gajere da in ya cika ba a kawo hujja ba mahayi ya koma kan kekensa. An ɗan matsa wajen haka, domin tun 2015 UCI ta kafa kotunta ta karɓe shari'ar manyan mahaya daga hukumomin ƙasashe, waɗanda tausayin ɗan gida ke rinjaya, tun 2021 kuma ta miƙa gwaji da bincike ga hukumar ITA mai zaman kanta. Amma hukuncin bayan fage bai gushe ba. A 2022 aka sami tramadol a jinin Nairo Quintana na Kolombiya, maganin da ba sai an yi wa mutanenmu bayanin ɓarnarsa ba, wanda a lokacin UCI ta hana shi a tsere ta fuskar kiyaye lafiya, WADA kuwa ba ta sa shi cikin haramtattu ba sai a 2024. Aka soke matsayi na shida da ya samu a Tour, aka faɗa a fili cewa ba laifin shan ƙwaya ba ne kuma ba a dakatar da shi ko kwana guda ba. Duk da haka ya rabu da ƙungiyar Arkéa, ya shafe shekarar 2023 babu wata babbar ƙungiyar Turai da ta ɗauke shi, lasisinsa na aljihu, babu kuma kotun da zai kai ƙarar rashin aikin tun da babu hukuncin hana shi da aka rubuta, sai a kakar 2024 tsohuwar ƙungiyarsa Movistar ta mayar da shi.